Kuskuren da Injiniya Ta Kasa Faɗa Min

Zuwa ga ƙanina, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya ƙalau, kai da mai ɗakinka da yara gaba ɗaya. Yaya aiki, yaya baƙunta, yaya kuma ciwon bayan nan da kake ta ƙorafi a kai? Allah Ya yaye maka shi, Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya yi wa zuri'a albarka. Amma ka riƙa tashi daga kujera kana miƙe ƙafa, don babu maganin da zai gyara bayan mutumin da ke wuni a dunƙule gaban kwamfuta kamar kazar da ruwa ya doka. Na san ba ji za ka yi ba, tun kana ƙarami ba ka ɗaukar shawarata sai ka juya ta ta zama taka.

Mu nan sai godiyar Allah. Inna ta samu sauƙin gwiwa, har takan fito bakin ƙofa da yamma ta zauna ta tare masu wucewa da labarinka, wanda zan zo kansa. An canza mata tabarau, ta ce sabon yana nuna mata furfurata da yawa, a mayar mata da tsohon. Yaya Babba ta tare a sabon gidansu, ɗakuna sun wadata amma famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa. Tagwayena sun gama jarrabawa, ɗaya ya ce ta yi sauƙi, ɗaya ya ce ta yi wuya, alhali tambayoyi iri ɗaya aka ba su. Mamansu tana nan da ɗinkinta, ta samu masu koyo sun cika mata shago da surutu. Rufin ɗakin baya da ka gani yana yoyo mun gyara shi tun kafin ruwa ya kankama.

Za ka yi mamakin doguwar takarda daga mutumin da ke yawo da waya a aljihu. Dalili shi ne a waya ba ka barina in kai aya, da na fara sai ka sa dariya, ni ma in biye maka, mu rabu ban faɗi abin da na kira in faɗa ba. Saƙon da ka aiko na neman in ba ka babbar 'yata Injiniya ta zo ta yi aiki a kamfaninku yana nan cikin wayata. Na buɗe shi na rufe har ban san iyaka ba, kuma ka san na gani, tunda wayar ba ta rufa wa mutum asiri. Yau zan ba ka amsa, amma sai ka yi haƙuri ka bi ni ta doguwar hanya, don akwai abin da ke cina, kuma kai ne sanadi. Kishinka nake ji, Auta. An ce kishi kumallon mata, to ga namiji da gemunsa fari-fari yana ta fama da shi, ya hana ni jin daɗin abinci. Gara in faɗa maka da bakina da ka tsinta a fuskata.

Ka san ofishinmu, ɗakin nan na saman shagon mai hoto, tebur biyu da fanka mai kuka da tagar da ba ta rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Tun da Injiniya ta gama karatu ta zo ta zauna a tebur na biyu, aikin manhajar nan tamu ta kantunan magani ya rabu gida biyu ba tare da mun zauna mun raba ba. Tsofaffin ɓangarorin da na rubuta tun tana firamare nawa ne, ba ta taɓa su. Sababbin da ta rubuta nata ne, ni ma ba na buɗewa. A tunanina, in na riƙa leƙa aikinta kamar malami riƙe da jan biro, za ta ɗauka ban yarda da ita ba, alhali na yarda da ita fiye da yadda na yarda da kaina. Ita kuma na ɗauka ba ta buɗe nawa ne don nata ya ishe ta. Haka muka zauna lafiya lau, ko sa-in-sa ba mu taɓa yi ba, har ina yi wa abokaina alfahari cewa ni da 'yata ba a taɓa jin kanmu ba.

A cikin nawa akwai wani ɗan ɓangare da nake ji da shi, muna ce masa Mai Kai Ƙara. Aikinsa ɗaya ne, duk sa'ad da wani abu ya lalace a manhajar wani kanti, sai ya aiko mana da rahoto ta intanet, mu gani a ofis tun kafin mai kantin ya kira yana faɗa. Shekara da shekaru yana aiki bai taɓa ba ni kunya ba. Injiniya kuma bara ta gina abin da ta raɗa wa suna Ƙofa, wanda ke tare duk saƙon da zai fita daga manhajar, ko odar magani ce zuwa ga dillali ko tambayar farashi, ya bi da shi ta wuri ɗaya don a iya sa masa ido. Dabara ce mai kyau, na yaba ban ko duba ba. Don ta girmama aikin ubanta kuma, sai ta tsara cewa in saƙo ya kasa fita, Ƙofa ta sanar da Mai Kai Ƙara. Na san ka riga ka san inda labarin zai faɗa, amma ka bar ni in ba da shi yadda ya same ni.

Babban mai hulɗa da mu, wanda muke ce wa Mai Kemis, ya buɗe sabon kanti a can ƙarshen layin kasuwa, a ƙasan wani bene mai kaurin bango, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa kamar baƙo mai sauri. Tun makon farko aka fara kirana. Da mai sayar da magani ta danna aika oda, sai manhajar ta tsaya cak, ta yi ɗan nishi, ta rufe kanta, ga mutane sun yi layi da takardun asibiti a hannu. Ba kullum ba, sai ta ga dama, wanda shi ne ya fi ban haushi. Abin da kawai na samu shi ne hotunan fuskar kwamfuta da matar ke ɗauka da waya, a sama an rubuta cewa tarin da kwamfuta ke jibge ayyukan da ba a gama ba ya cika ya tumbatsa, abin nan da mu 'yan sana'a muke ce wa sitak obafulo. Layukan da suka fito a hoton duk na laburaren aika saƙo ne da wasu suka rubuta muke amfani da shi, namu suna can ƙasa inda hoton bai kai ba. Mai Kai Ƙara kuwa shiru, ko tari bai yi ba. A ofishinmu, inda intanet ke da ƙarfi, na aika oda har yatsana ya gaji, manhajar ko gezau.

Wallahi Auta na sha wuya. Na fara da zargin laburaren, na ɗora sabo, abin bai daina ba, na koma tsoho, bai daina ba. Na koma kan dillalin magani, na ce kwamfutarsu ce ke ta juya saƙonmu daga wannan adireshi zuwa wancan ba iyaka, har na rubuta musu takarda mai zafi wadda yanzu in na tuna sai in rufe fuska. Na ƙara girman tarin, ina ganin wuri ne ya yi kaɗan, sai manhajar ta koma daɗewa tana nishi kafin ta mutu, ita ke nan ribar. Na ɗauki kwamfuta sabuwa na sa a tasi na kai kantin da kaina cikin rana, na haɗa ta ina gumi, kafin in koma ofis an kira ni an ce ita ma ta yi. Duk duniya babu wanda ban tuhuma ba sai mutum biyu, ni da 'yata. Ita na ƙi buɗe nata don kada ranta ya ɓaci, nawa kuwa ban ga dalilin buɗewa ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina ta hangen na wasu. Na tuna wata rana ta ce da ni a hankali, idonta na kan tebur, ko za mu gwada cire intanet ɗin ofis mu ga abin da zai faru. Na ce mata me za a gwada a saƙon intanet babu intanet, ta ce haka ne, ta ci gaba da aikinta.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Mai Kemis ya fara kirana da cikakken sunana maimakon Malam, sai Injiniya ta kawo min shayi ta ajiye, ta ce ko za mu kira Baba Ƙarami, wato kai, ya duba mana. Ka san yadda na ji? Kamar an watsa min ruwan sanyi. Kai da na kama yatsunka ɗaya bayan ɗaya na ɗora a kan madannan tsohuwar kwamfutar nan mai ƙatuwar ƙeya, kai da ka taɓa goge min aikin wata guda kana neman wasan mota, yau kai za a kira ka duba min aiki. Amma na haɗiye na ce a kira. Ka fito a fuskar kwamfuta da kofinka a hannu da wata riga mai hula, kana murmushin nan naka na wanda bai taɓa rasa barci ba. Ba ka yi wata-wata ba ka ce a buɗe maka nawa da nata gefe da gefe, abin da babu wanda ya taɓa yi a ɗakin nan. Ka ce a sa abin ƙirga saƙonni a bakin Ƙofa, sannan a zare wayar intanet daga bango. Na zare da hannuna, na danna aika oda, lambobi suka fara gudu a allo kamar mitar mai, manhajar ta yi nishin nan da na sani ta faɗi a gabana, a kan teburina. Shayina ko hucewa bai yi ba.

Da na koma gida Inna ta matsa sai na yi mata bayanin abin da Autanta ya gano. Na ce mata ta ɗauka ta aiki mutum, ya je ya tarar ƙofar gida a kulle. Sai ya dawo ya ce a tashi wani ya je ya kai ƙara cewa ƙofa a kulle take, shi kuma ya tsaya a ɗaki yana jiran amsa. Mai kai ƙarar ba shi da hanyar fita sai wannan ƙofar, ya tarar da ita a kulle, shi ma ya ce a tashi wani ya kai ƙara, ya tsaya jira. Haka ake ta tashin mutum, kowa na jiran na bayansa, babu mai fita babu mai zama, har ɗakin ya cika bango ya rushe. Inna ta ce to wane marar wayo ne ya tsara gida haka, na ce ɗanki da jikarki, kowa ya gina rabinsa bai leƙa na ɗan'uwansa ba. Wannan ɓangaren ba ta riƙe shi ba. Abin da ta riƙe, wanda yanzu duk layinmu ya haddace, shi ne Auta yana zaune a wata duniya ya gyara injin da bai taɓa da hannunsa ba, wanda yayansa ya yi makonni yana kokawa da shi. Mai gyaran takalmi ya tare ni ya ce ashe ƙanina gwani ne. Mai Kemis da kansa, bayan ya yi godiya, ya ce ko zan ba shi lambarka saboda gaba. Ni da na zauna ina kai Inna asibiti ina gyaran rufi, an mayar da ni yayan Auta.

Da a nan abin ya tsaya, da na shanye, don na saba. Tun ranar da ka tafi kai ne ɗan da ake kewa, ni ne ɗan da ake aika. Amma akwai wata magana da ta suɓuce maka ran nan, ban sani ba ko ka lura. Kana cikin bayani ka ce kamar yadda Injiniya ta nuna maka tun wancan makon, sai ka yi sauri ka wuce. Na dube ta, ta sunkuyar da kai tana gyara wayar linzamin kwamfuta, wadda babu abin da ya same ta. Sai da muka zo gida na tsare Mamansu. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta ce ai yarinyar ta gano matsalar tun farko-farko, tun ina faɗa da dillali. Ta ce ta same ta a kicin tana hawaye, tana cewa ta ina za ta fara gaya wa Baba cewa Mai Kai Ƙararsa na cikin masu laifi, abin da yake nuna wa baƙi in sun zo ofis. Shi ne ta kira ka ta nuna maka komai, kuka shirya a yi kamar kai ka gano. Wato duk zare wayar nan da abin ƙirgar nan, wasan kwaikwayo kuka shirya min, ni ne ɗan kallo ni ne kuma abin kallo. Mamansu ta ce in gode wa Allah da Ya ba ni 'ya mai kunya, na ce na gode.

Bayan kwana biyu na dawo daga sallar la'asar, ina hawa matattakala na jiyo muryarta daga ofis, kuna waya a kan yadda za a yi gyaran. Na tsaya a tsakiyar bene, Allah Ya yafe min laɓe. Kai kana cewa a hana Ƙofa kiran Mai Kai Ƙara kawai a huta. Ita kuwa ta ce maka a'a, sam ba haka ba ne, in aka yi haka rahoton zai ɓace a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ta ce a rubuta rahoton a ajiye a cikin kwamfutar kantin, in sabis ya dawo a aika, a kuma sa iyaka ga yawan sake gwadawa. Ka yi musu, ta katse ka, ta ce Baba Ƙarami ya tsufa ya fara son aikin ganin ido. Ka fashe da dariya ka ce ta fi ka gaskiya, ita ma ta sa dariya har da buga tebur. Auta, ni na haifi yarinyar nan, a kafaɗata ta yi barci, amma ban taɓa jin wannan muryar ba. Ban san tana da ita ba. Murya ce mai kaifi mai daɗi, irin ta wanda ya san abin da yake yi kuma ba ya tsoron a sani. Ina tura ƙofa ta miƙe ta ce sannu da zuwa Baba, da ƙaramar muryar nan da take ajiye min. A wannan lokacin da kana kusa, ban san abin da zan yi maka ba.

Sai na ce bari in gwada, wataƙila ni nake zargin banza. Wata safiya na sa kuskure da gangan a wani ɓangare nawa da nata ke dogara da shi, kuskuren da ko ɗan koyo zai gani. Na zauna ina satar kallonta ta gefen allo. Na ga sa'ad da ta gan shi, girarta ta ɗaga, ta ɗago ta dube ni, na yi kamar ina karatu. Na jira ta yi magana, har addu'a nake a zuci. Ta buɗe baki ta tambaye ni ko in kunna min fanka. Kafin azahar ta rubuta wasu 'yan layuka a nata ɓangaren da ke tare kuskuren su gyara shi a hanya, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Da ta fita cin abinci na yi abin da ban taɓa yi ba, na buɗe aikinta na karanta. Aiki ne mai tsafta, ya fi nawa nesa ba kusa ba, na ji alfahari har ƙirjina ya cika. Amma ko'ina na duba sai in ga irin waɗannan 'yan layukan, nan an tokare wani abu nawa da ya karkace, can an toshe wani rami da na bari. Ashe zaman lafiyar da nake alfahari da shi, ita ke biyan kuɗinsa da lokacinta da basirarta. Rabin ƙarfinta a kewaye ubanta yake tafiya.

A cikin wannan hali saƙonka ya iso, ka ga kuwa bai zo a sa'a ba. Na karanta inda ka ce mutanenku sun ga gyaran da ta yi sun ce a kawo ta, na ji kamar ka miƙo hannu ta cikin waya ka ɗauke abu ɗaya da nake da shi wanda kai ba ka da shi. Ka tafi da sunan gidanmu, ka tafi da bakin Inna, yanzu kuma tebur na biyu kake so. Jiya da hantsi na kira ta na ce Baba Ƙarami ya nemi ta je wurinsu, amma na yanke shawara ba za ta je ba, don a ganina ba ta ƙware ba tukuna, sai ta ƙara wasu shekaru a hannuna. Ƙarya ce tsagwaronta, ni na sani, ita ma ta sani. Rabin zuciyata so yake ta yarda ta zauna. Ɗaya rabin kuwa roƙonta yake ta ɗago kai ta ce min Baba ba haka ba ne, ta katse ni kamar yadda ta katse ka, ko da sau ɗaya. Da ta yi haka, wallahi da na samu hujjar riƙe ta, in ce ai ga shi a nan ma tana iya buɗe baki. Sai ta ce to, Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta juya ga kwamfutarta. Na daɗe ina kallon bayanta, hannayenta na kan madannai amma babu yatsan da ya motsa.

Don haka ga amsarka, na yarda, ka shirya mata tafiya. Ba don na huce ba, ban huce ba, kuma kada ka kira ni kana min daɗin baki cewa ni na koya muku duka, na san ni na koya muku, shi ne ma abin haushin. Na yarda ne don a ɗakin nan 'ya ce kafin ta zama ma'aikaciya, kuma ba zan iya daina zama ubanta daga safe zuwa yamma ba. Wanda ba ya iya ce wa na gaba da shi ya yi kuskure ba zai yi nisa a sana'ar nan tamu ba, ni kuma ba zan zauna ina kallo tana tsufa a kan toshe ramukana ba. Sharaɗina ɗaya ne. Kada ka mayar da kanka ni. In ta iso ka ga ta fara sunkuyar maka da kai don tana cin abincin gidanka, ka tsokane ta har sai ta yi maka musu. In kuwa na ji ka sa ta zama mai cewa to, zan zo da kaina in ɗauko abata, kuma a gaban yaranka zan ba da labarin yadda ka yi kuka ranar da ka goge min aiki.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka aiko da hoton yara wanda suka tsaya cak, ba irin na ran nan da duk suka yi hazo ba. Yaya Babba da maigidanta suna gaisuwa, ta ce ɗakin baƙi na jiranka. Mamansu tana gaida mai ɗakinka da kyau, ta ce za ta rubuto mata nata jawabin a kan abin da Injiniya ke ci da wanda ba ta ci. Tagwaye sun ce a gaida Baba Ƙarami, har sun fara rabon ɗakin yayarsu tun ba a ce musu komai ba. Ka gaishe min da babban ɗanka da ƙannensa, ka shafa min kan 'yar autarku, ka gaida maƙwabcin nan naka dattijo da ya taɓa gaishe ni a waya.

Injiniya ba ta san na rubuto ba, har yanzu tana kan maganar jiya. Kai za ka kira ta ka faɗa mata, don in ni na faɗa, to kawai za ta ce min, ba zan gane ko ta ji daɗi ba. Amma ka kira da rana, lokacin da muke ofis mu biyu. Ina so in ji ihun murnar da za ta yi, ko da ba ni aka yi wa ba.

Allah Ya sada mu da alheri, Ya bar zumunci.

Naka,
Yayanka, wanda har yanzu yake jin haushinka.